Ɗokin Ganin Littafi a Majigi: Matsalolin Mayar da Ƙagaggun Labaran Hausa Fim

1.0 Gabatarwa

Duk lokacin da aka ji ƙishin-ƙishin za a mayar da wani sanannen littafin Hausa fim, sai ɗoki ya kama masu karatu. Kowa ya shiga kintacen ɗan wasan da zai fito a matsayin tauraron labarin, da garin da za a ɗauki hoton, da abin da za a bari, da wanda za a zubar. Wannan ɗoki shaida ce ta cewa littafin yana da rai a zukatan jama'a. Sai dai kuma tarihin wannan aiki a ƙasar Hausa, tun daga shekarar 1976, ya nuna cewa sau da yawa ɗokin yakan ƙare da gunaguni, mai karatu ya ce an ɓata masa littafi, mai shirya fim kuma ya ce ba a san wahalar aikinsa ba.

Manufar wannan maƙala ita ce a duba tushen wannan saɓani. Za a waiwayi ayyukan da aka riga aka yi, sa'an nan a fito da abubuwan da ke cikin rubutun zube waɗanda ba su wucewa zuwa majigi da sauƙi, daga bisani a auna abin da ya kamata a sa rai da shi daga fina-finan da za su zo nan gaba. An ɗauki garin Wudil na Jihar Kano a matsayin ma'auni, domin gari ne da ya tara nau'o'in masu kallo waɗanda duk mai irin wannan aiki tilas ya yi la'akari da su.

2.0 Waiwaye

Ƙagaggun labaran Hausa na boko sun samo tushe daga gasar da Rupert East ya shirya a Zariya cikin 1933, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. A wannan zango ne kuma aka buga Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. Majigi ma a wannan zamanin ya fara yaɗuwa, watau lokacin da motocin gwamnatin mulkin mallaka suke zagaya garuruwa suna nuna hotunan tsabta da noma, aka kuma buɗe silimar Rex a Kano cikin 1937. Ke nan littafi da majigi kusan tagwaye ne a ƙasar Hausa, amma sai da aka yi shekara arba'in kafin su haɗu sosai.

Haɗuwar ta zo ne a 1976, sa'ad da Adamu Halilu ya shirya fim ɗin Shaihu Umar. Abin lura shi ne, labarin bai tsallaka kai tsaye daga littafi zuwa majigi ba. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay sun riga sun mayar da shi wasan kwaikwayo na dandamali, wanda aka buga a 1975, kuma shi Umaru Ladan ne ya fito a matsayin Shaihu Umar a cikin fim ɗin. A shekarun 1980 gidan talabijin na NTA Kaduna ya shirya Magana Jari Ce kashi-kashi, inda irin su Ƙasimu Yero suka taka rawa. An yi fim ɗin Ruwan Bagaja a 1989 ƙarƙashin Ramalan Nuhu, sa'an nan a farkon shekarun 1990 Brendan Shehu ya shirya Kulɓa Na Ɓarna daga wasan Umaru Ɗanjuma Katsina. Dukkan waɗannan ayyuka ne na hukuma ko na masu jari mai ƙarfi, kuma littattafan da aka zaɓa na makaranta ne.

Zango na biyu ya fara da fitowar fim ɗin bidiyo na Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta yi a Kano cikin 1990. Ba da jimawa ba marubutan adabin kasuwar Kano, musamman 'yan ƙungiyar Raina Kama, suka ga cewa kamarar bidiyo ta yi arahar da za su iya mayar da littattafansu fim da kansu. Ado Ahmad Gidan Dabino ya yi In Da So Da Ƙauna a 1994, Bala Anas Babinlata ya yi Tsuntsu Mai Wayo a 1995, kuma a 1998 Abdulkarim Muhammad ya ba da umarnin fim ɗin da aka ɗauko daga Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu. A wannan ɗan tsakani littafi ne uwa, fim kuma ɗa. Daga ƙarshen shekarun 1990, bayan kasuwar da Sangaya ya yi, sai rawa da waƙa irin ta fina-finan Indiya suka zama ginshiƙin ciniki, aka koma ɗauko labari daga wani fim maimakon daga littafi, kamar yadda Abdalla Uba Adamu ya yi bayani a nazarce-nazarcensa. Daga nan zumuncin marubuci da mai shirya fim ya yi rauni.

3.0 Abin da Ba Ya Wucewa Zuwa Majigi

Hausawa sun ce gani ya kori ji. A sha'anin shari'a da ciniki wannan magana gaskiya ce, amma a sha'anin adabi tana buƙatar gyara, domin akwai littattafan da daɗinsu duka a ji yake. Za a kawo misali uku.

3.1 Muryar Mai Ba da Labari

Duk wanda ya karanta Ruwan Bagaja ya san cewa zubin labarin ba shi da wani sarƙaƙiya. Alhaji Imam ya fita neman ruwan magani, yana ta haɗuwa da Malam Zurƙe ɗan Muhamman gari bayan gari, kowa yana rama abin da ɗan'uwansa ya yi masa. In aka tuɓe wa labarin harshensa, abin da zai rage jerin ƙeta ne da ramuwa, wanda mai kallo zai gaji da shi kafin a kai rabi. Abin da ya riƙe littafin shi ne bakin Alhaji Imam: yadda yake ba da labarin cutar da ya yi wa mutane ba tare da kunya ba, yadda yake yabon kansa a inda ya kamata ya ɓoye fuska, da yadda Abubakar Imam yake sa mai karatu ya yi dariya ga mai ba da labarin tare da wanda aka cuta. Kamara tana iya nuna Zurƙe ana dukansa, amma ba ta iya nuna irin kallon da Alhaji Imam yake yi wa dukan bayan shekaru, yana zaune gaban Koje Sarkin Labari.

Mai shirya fim yana da hanya biyu a nan. Ko dai ya bar mai ba da labarin yana magana a bayan hoto, abin da yakan mayar da fim karatun littafi mai hotuna in aka yawaita shi, ko kuma ya nemo wa ban dariyar wata kafa ta ido, watau ta fuskar ɗan wasa da yadda aka jera fitowa bayan fitowa. Hanya ta biyu ta fi wuya, kuma ita ce aikin fim na haƙiƙa. Magana Jari Ce ya fi Ruwan Bagaja sauƙi ta wannan fuska, domin Imam da kansa ya riga ya yanka shi gunduwa-gunduwa: aku yana ba Musa ɗan sarki labari ɗaya bayan ɗaya don ya hana shi fita, kowane labari da farkonsa da ƙarshensa. Shi ya sa ya dace da shirin talabijin na mako-mako fiye da fim ɗaya na sa'a biyu.

3.2 Abin da Murya Ta Lulluɓe

Matsalar Shaihu Umar ta bambanta. Labari ne na bauta: an sace yaro, an kai shi Kano, Balarabe Abdulkarim ya ƙetare hamada da shi, uwarsa ta fita nemansa ita ma aka bautar da ita, ba su sake haɗuwa ba sai a Tarabulus, inda ta rasu jim kaɗan bayan ta gan shi. Amma mai ba da wannan labari dattijo ne malami, zaune cikin almajiransa a Rauta, wanda ya riga ya karɓi dukkan abin da ya same shi a matsayin ƙaddara. Natsuwar muryarsa tana kwantar da zafin abin da yake faɗa, har mai karatu yakan wuce harin bayi a layi uku bai tsaya ya tambayi wane ne ya kai harin ba, kuma da izinin wa.

Hoto ba ya da wannan ladabi. Da zarar an nuna mutum da igiya a wuya, mai kallo ya ga fuskar wanda ya ɗaure shi, ya ga rawaninsa, ya ji harshen da yake magana da shi. Fim ɗin Adamu Halilu ya riƙe tsarin littafin, watau malami yana ba almajirai tarihinsa, kuma ya tafi a hankali cikin sama da sa'a biyu. Duk da haka ganin abin da ido ya ɗora wa labarin nauyin da littafin ya sassauta. Wannan ba aibi ba ne. Darasin da ke ciki shi ne, ko mai shirya fim ya yi niyyar bin littafi sau da ƙafa, abin da zai fito sharhi ne a kan littafin. Saboda haka tambayar da ta dace manazarci ya yi ita ce: wane sharhi aka yi, kuma an san ana yin sa?

3.3 Zuciyar Tauraro da Almakashin Tacewa

Littattafan shekarun 1990 sun zo da wata matsalar. Ƙarfin Alhaki Kuykuyo Ne yana ga zaman da mai karatu yake yi cikin zuciyar Rabi, matar da Alhaji Abdu ya kora da 'ya'yanta tara bayan ya auro Delu, ta koma sayar da abinci ta riƙe gidanta, sa'an nan da duniya ta juya wa mijin baya aka matsa mata ta koma. A takarda mai karatu ya san abin da wannan komawa ta ci mata, domin an zauna da shi cikin tunaninta. A majigi, in ba a yi hattara ba, komawar sai ta zama sulhu mai daɗi irin wanda ake rufe fim da shi, jigon littafin ya kife gaba ɗaya ba tare da an canza ko kalma ɗaya ta zance ba. Haka nan faɗawar Sumayya rijiya a In Da So Da Ƙauna: a littafi ƙarshen doguwar damuwa ce da aka bi da mai karatu cikinta, a hoto kuwa tana iya zama abin mamaki na daƙiƙa goma.

Daɗin daɗawa, tun daga 2001 akwai Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, kuma abin da al'umma take haƙuri da shi a rubuce ba lalle ne ta haƙura da shi a hoto ba. Marubuciya tana iya bayyana halin Delu filla-filla, amma 'yar wasan da za ta fito a wannan matsayi mace ce mai iyaye da unguwa, wadda jama'a sukan kasa raba ta da rawar da ta taka. Masu shirya fim sukan kawo wannan a matsayin uzuri. Uzurin yana da tushe, amma bai isa ba. Masu shirya fim na Iran suna aiki ƙarƙashin ƙa'idoji masu tsanani game da sutura da taɓa juna tsakanin namiji da mace, amma Asghar Farhadi ya yi fim a kan mutuwar aure wanda ya ci kyautar Oscar a 2012, ta hanyar amfani da ƙofa da taga da shiru. Al'adar kunya da kawaici ta Hausawa cike take da irin waɗannan kayan aiki: matar da ba ta kiran sunan mijinta, ɗan fari da uwa ba ta kallo, sallamar da aka ƙi amsawa. Duk abubuwa ne da ido yake gani.

4.0 Mai Kallo na Wudil

Wudil gari ne da ke kimanin kilomita 40 kudu maso gabas da birnin Kano, a bakin kogi, kan babbar hanyar da ta nufi Maiduguri. An daɗe da saninsa da mazaunin Makaman Kano na zuriyar Joɓawa, da kuma kasuwar shanu ta ranar Juma'a wadda take tara fatake daga nesa. A 2001 aka buɗe Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano a garin, wadda aka sauya wa suna zuwa ta Aliko Ɗangote a 2022, ga kuma makarantar horar da manyan jami'an 'yan sanda. A irin wannan gari fim ɗin da aka ɗauko daga littafi zai tarar da masu kallo iri uku.

Na farko shi ne ɗalibi ko malamin da ya karanta littafin a aji, wataƙila ma ya rubuta jarrabawa a kansa. Wannan zai zauna ne da littafin a ka, yana ƙirga abin da aka tsallake. Na biyu ita ce matar aure ko budurwar da ta san labarin ta hanyar aron littafi, ko ta karatun littattafai a rediyo, ko ta sauraren masu karanta su a YouTube. Ita ba ta damu da shafi ba, amma ta riga ta zana fuskar tauraron a zuciyarta, kuma da wannan zanen za ta auna ɗan wasa. Na uku shi ne dillalin kara, ko masunci, ko mai haƙar yashi a kogi, wanda bai taɓa buɗe littafin ba kuma ba zai buɗe ba, sai dai a tura masa fim ɗin a waya a shagon masu turawa.

Yawancin muhawarar da ake yi a kan ko fim ya bi littafi ko bai bi ba, muhawara ce ta mai kallo na farko, domin shi ne mai alƙalami. Amma a kan mai kallo na uku ne abin ya fi nauyi, domin a wurinsa fim ɗin shi ne littafin. Abin da aka nuna masa a matsayin Shaihu Umar shi ne Shaihu Umar har abada, ba shi da wani abin da zai gwada shi da shi. Wannan ne dalilin da ya sa Sembène Ousmane na Senegal, bayan ya yi suna a rubutu da Faransanci, ya koma shirya fim, har ya mayar da littafinsa fim ɗin Mandabi da harshen Wolof a 1968: ya lura cewa mutanen da yake rubutu a kansu ba su iya karanta shi. Ke nan fim ɗin da aka ɗauko daga littafi yana da haƙƙi biyu a kansa. Dole ya tsaya da ƙafarsa ga wanda bai san littafin ba, kuma dole kada ya yi wa littafin ƙarya a gaban wanda ba shi da halin ganewa.

5.0 Wuri, Zamani da Harshe

Littattafan 1933 duk sun waiwayi zamanin da ya gabaci Turawa ko farkon zuwansu. Marubuci yana gina birni da jimla ɗaya, mai shirya fim kuwa sai ya nemo ganuwa da dawaki da raƙuma da tufafi. Wudil ta isa misali a nan ma. Kogin da kwale-kwalensa, da karar shanu da yadda dillali yake shiga tsakanin mai saye da mai sayarwa har a yi sallama a ba da la'ada, abubuwa ne masu rai waɗanda duk mai son nuna kasuwa ko mashigin ruwa na da zai koyi abu da yawa daga gare su. Amma a wuri guda akwai gada da manyan motoci da rufin kwano da turakun lantarki da waya a hannun kowa. Kawar da waɗannan daga hoto kuɗi ne, kuma rashin kuɗin ne yakan sa a ga sarkin ƙarni na sha tara zaune a kan kujerar da aka ƙera jiya. Fim ɗin Mai Martaba na 2024, wanda ya samo asali daga wasan rediyo, aka ɗauke shi a Daura, har Nijeriya ta miƙa shi gasar Oscar, ya nuna cewa ana iya tara jarin yin fim ɗin tarihi da Hausa in an ƙudura.

Harshe ya fi wuri wuyar gyara, kuma ba a cika kula da shi ba. Sarraounia na Med Hondo, wanda ya fito a 1986 daga littafin Abdoulaye Mamani na Nijar, ya ba da labarin Sarauniya Mangu ta Lugu da turjiyar da ta yi wa rundunar Faransa a 1899, kuma ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na Wagadugu a 1987. Amma a Burkina Faso aka ɗauke shi, kuma ba da Hausa aka yi yawancin maganar cikinsa ba, saboda haka jikokin mutanen da labarin ya shafa ba su ji muryar kakanninsu a ciki ba. A Kano haɗarin ya sha bamban: a sa wa Ganɗoki ko Malam Zurƙe Hausar samarin birni ta yau, mai gauraye da Ingilishi. Duk kamfanin da zai taɓa irin waɗannan littattafai yana buƙatar masanin harshe a wurin ɗaukar hoto, kamar yadda yake buƙatar mai kula da haske. Sassan koyar da Hausa na jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato suna yaye irin waɗannan masana kowace shekara.

6.0 Haƙƙin Marubuci da Adana Aiki

Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 ta tabbatar wa marubuci ikon ba da izini ko hanawa kafin a juya aikinsa zuwa wata siga. Amma izini kaɗai ba ya kare littafi. Wole Soyinka da kansa ya fito a fim ɗin Kongi's Harvest na 1970, wanda aka ɗauko daga wasansa, duk da haka ya nisanta kansa daga abin da aka fitar a ƙarshe. Abin da ya kamata marubutan Hausa su nema shi ne yarjejeniya a rubuce wadda ta fayyace kuɗi, da sunan marubuci a fuskar fim, da iyakar canjin da za a yi wa jigo. Wannan ya fi zama tilas a yanzu da fim mai dogon zango ya mamaye kasuwa ta YouTube da tashoshi irin su Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014. A wannan tsari yawan kashi shi ne yawan kuɗin shiga, don haka akwai kwaɗayin a ja labarin shafi sittin har ya kai kashi hamsin. Littafin da ƙarfinsa yake ga taƙaitawa ba ya jure irin wannan ja.

Sai batun adanawa. Fim ɗin Shaihu Umar ya shafe shekaru masu yawa ana ɗauka ya ɓace, sai a 2016 aka gano faya-fayensa a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, cibiyar Arsenal ta Jamus ta gyara shi, aka nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018. Littafin kuwa duk tsawon wannan lokaci yana hannun ɗalibai. In wannan ya sami fim ɗin da gwamnati ta kashe wa kuɗi, to ina ga kaset-kaset na bidiyo na shekarun 1990, waɗanda zafi da ƙura suke ci? Ɗalibin da yake son kwatanta littafin Gidan Dabino ko na Balaraba da fim ɗinsa yana buƙatar duka biyun a gabansa. Kafin a yi ɗokin sababbi, wajibi ne ɗakunan karatu na jami'o'i su tattara tsofaffin su mayar da su sigar kwamfuta.

7.0 Littattafan da Suka Cancanci Jira

Bisa ma'aunan da aka kawo, ana iya jera wasu littattafai gwargwadon dacewarsu da majigi. Jiki Magayi ne kan gaba. Labarin Abubakar, wanda mai dukiya Malam Shaihu ya ƙwace wa Zainabu, ya kuma ɗauki fansa ta kan ɗan da aka haifa, labari ne mai mutane kaɗan, mai tafiya kai tsaye zuwa ga masifa, wanda ƙarfinsa yake ga aiki fiye da zance. Fim ɗaya ya ishe shi. Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo, mai jigon barin ƙauye zuwa birni da lalacewar da ke biyo baya, ba ya buƙatar ganuwa ko dawaki, kuma duk wanda ya ga motocin da ke ɗibar matasa daga Wudil zuwa Kano da safe ya san jigon bai tsufa ba. So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid, wanda aka buga a 1980, zai buƙaci wanda ya san rayuwar Fulani daga ciki, don kada a mayar da ita ado kawai. Ganɗoki ne mafi tsada da haɗari, domin rabinsa yaƙi ne da Turawa, rabinsa kuma yaƙi da aljannu a ƙasashen gabas, kuma kirari da cika baki na jarumin su ne ransa. Wataƙila zanen kwamfuta mai motsi ya fi dacewa da shi fiye da 'yan wasa.

8.0 Kammalawa

An ga cewa littafi da fim sun daɗe suna zumunci a ƙasar Hausa, zumuncin ya yi ƙarfi a 1976 da kuma tsakiyar shekarun 1990, sa'an nan ya yi sanyi. An kuma ga cewa abin da yakan salwanta a hanya shi ne muryar mai ba da labari, da tunanin tauraro, da harshen zamanin da labarin ya faru, kuma ƙirga fitowar da aka tsallake ba ya gano ko ɗaya daga cikin waɗannan. Saboda haka in an sanar da sabon fim daga wani littafi, tambayoyin da suka kamaci malami da manazarci su ne: wa ya rubuta tsarin fim ɗin, kuma ya fahimci inda ƙarfin littafin yake? An yi yarjejeniya da marubucin ko magadansa? Wa zai kula da harshe? Kashi nawa za a yi, kuma labarin zai ɗauki wannan tsawo? A ina za a ajiye kwafin asali? Malaman Hausa na makarantun sakandare da manyan makarantu, a Wudil da sauran garuruwa, suna da rawar takawa a nan, ta hanyar sa ɗalibai su karanta littafi su kuma kalli fim ɗinsa, sa'an nan su rubuta abin da kowannensu ya iya yi wanda ɗayan ya kasa. Daga irin wannan aji ne za a sami masu rubuta tsarin fim da masu sharhi waɗanda aikin yake jira.